Tukkun da Aka Bar wa Sianto

Daga tuddan Loita,
a ƙarshen damina.

Zuwa ga ƙanwata Sianto, autar ɗakinmu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ki, Karsanata, don har yau da sunan nan nake kiranki, tun ranar bikinki da na ba ki 'yar karsana mai farin goshi. Ina fata kina lafiya, ke da 'yarki Seleina, a wannan ƙasa ta Kanada da kuka ce ruwa yana daskarewa a bakin ƙofa. Ubangijinmu Enkai ya ba ku lafiyar jiki, ya lulluɓe ku da inuwarsa, ya tsare ku daga ciwo da sharrin hanya da bakin mutane. Ya sa albarka a abin da kuka je nema, ya kuma nuna muku hanyar gida tun idonku yana iya gane ta. Da a nan ne, da na tambaye ki yara da shanu. Yara na tambaya, shanu kuwa na san ko akuya ba ki da ita, sai dai in tambayi tsofaffin da kike jinya a can. Su ma Enkai ya ba su sauƙi.

Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka bana yadda ya kamata, ciyawa ta kai gwiwa, shanu sun yi ƙiba har suna ƙyuyar tashi da safe. Zuriyar karsanar nan taki, wadda ta dawo garkena tare da ku bayan rasuwar mijinki, ta ƙaru da maraƙi baƙi mai kyan wuya. Kura ta ɗauke mana tunkiya, ta bar mana kai don mu san ta zo. Matata Nolari gwiwa tana damunta, amma bakinta lafiya ƙalau. 'Ya'yanmu mata duk suna ɗakunan mazajensu, Naramat ta sake haihuwa, mace ce, ta ɗebo hancinki. Maƙwabcinmu na gangare ya sayar da filinsa ya sayi mota, motar ta mutu kafin shekara, yanzu kaji ne ke kwana a cikinta, wanda ya sayi filin kuma ya ja waya mai ƙaya a kan hanyar da muke bi da shanu zuwa lasar gishiri. Masu neman ƙuri'a sun zo sun yafa jan mayafi a kan kwat, sun ɗaga kulkin da ba su san ta ina ake riƙe shi ba, sun tafi. Kin ga ƙasa tana tafiya yanki-yanki kamar naman da aka bar wa yara su raba. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Na san za ki ce me ya hana in kira ki a waya. Na kira, ba sau ɗaya ba. Kullum sai ki ce, Yaya, ina wurin aiki, zan neme ka, ni kuma in tsaya a kan tudu ina riƙe da ƙarfe a kunne kamar wanda aka ba ajiyar iska. Takarda ba a katse ta. In kin ajiye ta, tana nan tana jiranki. Don haka ki zauna, ki ba ni kunnenki, in gaya miki yadda aka yi da kan ɗanki Tipape a bikin Eunoto, bikin aske gashin samari, domin abin da ya iso miki ta waya guntu ne, kuma akwai aikin da ya rage wanda naki ne.

Ƙirgin fatar sa da kika aiko don askin ya iso. Ɗan Koinet, mutumin garinmu da ke can wajenku, da ya dawo hutu shi ya kawo shi, a naɗe cikin leda, ledar a cikin wata jaka, kamar maganin asibiti. Da muka warware, sai ƙamshin turare ya cika ɗaki. Nolari ta shinshina, ta ce wannan sa tun da yake bai taɓa yin ƙamshi haka ba ko yana da rai. Ta fitar da shi ta shanya a kan shinge, ta ce bari ya sha hayaƙi da iskar garke ya tuna ko shi wane ne. Amma shi ne, ba shakka: ga ɗigon baƙin nan a gefe, ga inda yaron ya zauna ranar kaciyarsa bai ƙifta ido ba. Na tuna ranar kin zo daga Nairobi, kika naɗe ƙirgin da hannunki kika ce a wurinki zai zauna har ranar aski. Kin cika rabin alkawari. Sai ga saƙonki a bayansa, cewa ba a ba ki hutu ba, kuma in kin fito yanzu takardunki na zama za su lalace, don haka Nolari ta aske shi, ai ita ma uwarsa ce. Ban ce ƙarya kika yi ba. Na yi aiki a ƙarƙashin mutane, na san yadda ake roƙon hutu kamar ana roƙon rai. Amma mutanen garke ba su san hutu ba. Abin da suka gani shi ne fata ta haye teku, uwa ba ta haye ba.

Da ma kin ga ɗanki kafin ranar. Hotunan da ake aika miki ba su kama shi ba. Bayan ya gama sakandare a Narok, sai ya ce ba zai bari tsararsa su wuce shi ba, ya shiga sansanin samari ya zama moran, wato jarumin sansani, na sosai, ba irin masu sa gashin zare su yi wa masu yawon buɗe ido tsalle a ba su shilin ba. Gashinsa nasa ne, ya tara shi, abokansa suka zauna suna murɗa masa shi siri-siri da jar ƙasa da kitse har ya sauko tsakiyar baya. In ya yi tsalle a fili, ba ya lanƙwasa gwiwa, sai ki ga gashin ya tashi ya tsaya a iska kafin ya sauko ya doki kafaɗa. A farin da ya wuce, shi da 'yan uwansa suka kai shanun gidaje da yawa can gindin daji, suka dawo da su ba a rasa ko maraƙi ba. Bai taɓa shan madara shi kaɗai ba, bai taɓa cin naman da idon mace ya gani ba. Ni da ba na yabon kowa, har mutane suna cewa bakina ya fi maɗaci, in na gan shi yana tahowa da mashi a hannu sai in ji wuyana ya miƙe da kansa.

Na gaya wa Tipape saƙonki. Ya dubi ƙirgin a kan shinge, ya juya ya koma sansani. Daga baya abokansa suka zo suka ce ya daina waƙa, kuma ya rantse aska ba za ta hau kansa ba sai a hannun wadda ta haife shi. Kin san abin da wannan yake nufi, amma bari in tuna miki, ko sanyin can ya daskarar da shi. Eunoto ba ya dawowa don mutum ɗaya. Ranar da aka aske tsararsa, an rufe ƙofar samartakarsu ke nan, su zama ƙananan dattawa, a sa musu albarka tare, su yi aure, su zauna a inuwar shawara. Wanda ya tsaya a waje da gashinsa, ba shi cikin samari don an rushe sansani, ba shi cikin dattawa don ba a sa masa albarka ba. Sai ya zama kamar ni.

Ke ƙarama ce, ba ki san wannan da idonki ba. Shekarar da hakimi ya ce kowane gida sai ya ba da yaro ɗaya a kai makaranta, babanmu ya dubi 'ya'yansa ya zaɓi wanda ya fi ɓatar da awaki, ya ba da ni. Ranar farko aka ɗaure mini kai a tsakanin gwiwoyi aka kwashe gashina da almakashi, aka ba ni wando. An yi mini kaciya a hutun makaranta, ban ƙifta ba, wannan ko maƙiyina zai shaida, amma kafin rauni ya gama bushewa aka mayar da ni aji. Tsarata suka tara gashi, ni na tara takardun shaida. Na ci jarrabawa har sunana ya fito a jarida, na koyar, na zauna a ofis a birni ina buga hatimi, ana ce mini ranka ya daɗe a gaba, ana ce mini ɗan daji a baya. Da ƙarfina ya ƙare aka ba ni agogon bango aka ce in je in huta. Lokacin Eunoto na tsarata na zo da kwat na tsaya a bayan shinge tare da 'yan kallo. Innarmu ta ajiye ƙirgina duk waɗannan shekaru. Da aka watse, ta ɗora hannu a kan kaina mai gajeren gashi, ta shafa, ta ce, Parsaloi, ba ka bar mini komai a nan ba. Ba ta ƙara ta da zancen ba har ta rasu. Tsarata sun yi mini alheri, sun yayyafa mini madara daga baya sun ba ni wurin zama a gefe, amma har gobe Wando suke kirana, kuma in ana hirar sansani sai in zama baƙo a tsakiyar mutanen da aka haife mu shekara ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban so ɗanki ya gaji wannan ɗakin ba.

Nolari ma ba ta karɓi saƙonki da hannu biyu ba, gara in faɗa miki gaskiya. Ta ce ita ba hannun aro ba ce, da za a tuna da ita sai ranar da mai hannu ta rasa hutu. Ta ce lokacin da yaro yake ƙyanda yana kwana a bayanta, ba wanda ya aiko daga birni ya ce ai ita ma uwarsa ce. Ta ce kuma in yaron da ta goya ya ce hannunta bai isa ba, to ya je ya nemi jirgi ya kai kan nasa Kanada. Ta faɗi wannan tana wasa aska a kan dutse. Kin san ba ta haifi namiji ba. Duk matan unguwa sun shiga sansani sun gina wa 'ya'yansu ɗaki, ita sai a kan Tipape ta samu ta shiga, ita ta kafa itace ta shafe da kashin shanu, ita ta ɗinka masa duwatsun wuya. A nan in aka ce Uwar Tipape, ita ke amsawa, ba don ta ƙwace miki ba, sai don ba kya kusa ki amsa. Na ce mata ta yi haƙuri da yaro. Ta ce, kai Wando, me ka sani game da aski, ka je ka karanta jaridarka.

Da magana ta yi tsami, dattawan da suka kunna wa samarin wutar buɗe sansani, masu iko a kansu, suka kira zama a gindin ɓaure. Wani ɗan boko mai babur ya ba da shawara wai a kira ki a wayar da ake ganin fuska, ki riƙe aska a can, Nolari ta riƙe a nan. Mepukori, abokina na tsara, wanda kin sani da dogon kunne da gajeren haƙuri, ya ce madalla, to shi ma daga yau zai riƙa tatsar shanunsa ta waya yana kwance, kuma in zaki ya zo a aika masa hoton mashi. Aka yi dariya har wani tsoho ya shaƙe da taba. Wani kuma ya miƙe ya ce macen da ta haye teku ta bar ɗanta ta zubar da haƙƙinta, a daina ambatonta a inuwar nan. A nan ne na miƙa hannu na karɓi kulkin magana, abin da na daɗe ban yi ba. Mepukori ya ce a yi shiru, Wando zai karanta mana doka. Na ce ba doka na zo da ita ba. Na ce ƙanwata ba ta bar ɗanta a daji ba, a ɗakin yayanta ta bar shi lokacin da dangin ubansa suka sayar da ƙasarsu suka watse, kuma wanda ya ce a daina ambatonta ya fara cire sunanta daga jinin yaron in ya iya. Na ce amma ko ta zo ko ba ta zo ba, kada a bar yaron nan a bayan shinge, domin ni na tsaya a wurin, na san yadda ƙasarsa take. Ba wanda ya yi dariya. Dattawa suka yanke cewa macen da ta shayar da yaro madarar gidanta uwa ce, Nolari za ta yi aski, in kuma ya ƙi zama, ya fita daga fili da gashinsa.

Ni na kai masa hukuncin. Na same shi yana goge mashi. Ya ce, Kawu, ba raina Inna Nolari nake yi ba, in an ce in kwanta ta taka ni ta wuce zan kwanta. Ya ce amma ranar kaciya, da zafi ya kai zafi, abin da ya hana shi motsi shi ne ya san kina tsaye a bayan ɗaki, kuma kin ce masa ranar aski ke da shi ne. Ya ce in ya bari aka kwashe duka, me zai sa ki dawo? Na cire hulata kawai na nuna masa sanƙona, na ce ya duba da kyau, wannan shi ne kan da ya jira wata rana. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce zai zauna, amma shi ne na ƙarshe, ko hanya za ta kawo wani abu.

Sianto, na ga bukukuwa a birni, na ga ranar da aka ɗaga tuta, ban ga abin da ya kama ƙafar wannan ba. Da hantsi aka busa ƙaho, samari suka sauko daga tudu a jere, ɗaruruwa, jikinsu zane da farar ƙasa, ƙararrawa a cinya, gashi ja yana sheƙi da kitse, wasu da hular gashin jimina. Ƙasa tana amsa ƙafarsu. Suka kewaye babban ɗakin da iyaye mata suka gina a tsakiyar fili suna gudu, muryarsu tana fitowa daga ƙirji kamar garke yana nishi, mata suna amsawa da siririyar murya, faifan duwatsu yana rawa a wuyansu. An kayar da san da aka zaɓa, baƙi wul ba tabo, kowa ya sami rabonsa yadda aka gada. Na dubi wannan taro na ce a raina, an ja mana waya, an raba mana ƙasa a takarda, an sa hotonmu a jikin kwalin shayi, an ce shekara kaɗan za mu ƙare, ga mu nan. Wasu baƙi sun zo da na'urar hoto, aka tsayar da su a bayan shinge, a daidai inda na taɓa tsayawa. Ban ɓoye miki ba, na ji daɗi.

Ranar aski kowace uwa ta shimfiɗa ƙirgi a ƙofar ɗakinta. Kin san yadda abin yake. Ƙato wanda bai ƙifta wa wuƙa ba, wanda ya kwana a daji da namun dawa, da zarar gashi ya fara zuba a cinyarsa sai jikinsa ya ɗauki rawa, wani ya yi kuka kamar maraƙin da aka raba da uwa, wani sai an riƙe shi. Ba wanda yake ganin laifinsu. Tipape ya tsaya a gefe yana kallon hanyar Narok har aka gama da kowa. Ƙura ta taso sau ɗaya, ashe motar madara ce. Sannan ya ajiye mashi, ya zo ya zauna a kan ƙirgin da kika aiko, ya miƙe ƙafafu. Nolari ta durƙusa da gwiwar nan tata mai ciwo, ta jiƙa masa kai da madara da ruwa, ta sa aska. Ta fara daga ƙeya, ta bi gefe, ta zo gaba, kuma gaskiyar masu magana ne, aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, don a nan ne na ga haƙoransa sun datse, hawaye yana bin jar ƙasar fuskarsa. Da ta iso tsakiyar kai, saura igiya ɗaya ta gashi, sai ta tsaya. Ta goge askar a zaninta, ta ajiye ta a kan ƙirgi, ta dafa kafaɗarsa ta miƙe.

Dattijon nan da ya ce a daina ambatonki ya daka mata tsawa, ya ce ke matar Wando, idonki ne ya mutu ko askar ce ta dakushe, ƙarasa mana aiki. Nolari ta juyo ta dube shi. Ta ce idonta ras, askar kuma in yana shakka ya kawo gemunsa. Ta ce ranar da aka kawo mata yaron nan yana tatata, kansa a aske yake sai ɗan tukku a tsakiya, wanda uwarsa ta bar masa da hannunta. Ta ce duk abin da ya tsiro a gidanta, da madarar shanunta, ta kwashe shi yau, kuma ta gode wa Enkai da ya nuna mata. Amma wannan na tsakiya da shi ya zo, ba ita ta raine shi ba, kuma ita ba a haife ta a gidan da ake tatsar saniyar wani ba. Mai shi tana nan da rai, ta zo ta ɗauki abinta. Tipape ya kai hannu ya taɓa kansa, ya ji igiyar tana nan. Sai ya kifa fuskarsa a kan ƙafafun Nolari. Ni kuwa na juya ina duban shanu, don hayaƙi ya shiga mini ido.

Dattawa suka koma gefe suka daɗe. Wasu suka ce ba a taɓa yi ba. Mepukori ya ce ai ba a taɓa yin uwa a Kanada ba ma, kuma shi a ganinsa kan da aka aske ya fi wanda aka bari yawa, sai a bi rinjaye kamar yadda masu ƙuri'a suke yi. A ƙarshe babban cikinsu, wanda ba ya gani sosai, ya sa aka kawo masa yaron, ya shafa kan da hannunsa, ya kama tukkun ya ja shi kaɗan. Ya ce macen da ta san iyakar abinta ba a koya mata al'ada. Ya yanke cewa an aske Tipape, a shafa masa jar ƙasa a kai, ya shiga layi a fesa masa madara da albarka tare da tsararsa. Haka aka yi, na gani da idona, yana tsakiyarsu ba a gefe ba. Amma tsohon ya ƙara da cewa ba zai sha madarar da za ta sake shi ya ci shi kaɗai ba, ba kuma za a ba shi mata ba, sai ranar da tukkun nan ya faɗi a hannun mai shi.

To ga inda muke. Ɗanki yana yawo da kai ja fes da igiya ɗaya a tsakiya. Tsararsa sun sa masa suna Zakara, in ya shigo sai su yi cara, shi kuma ya ce musu gara zakara da kajin da aka fige. Bai ɓoye shi a hula ba ko sau ɗaya, har kasuwar Narok haka ya je da shi. Akwai yarinya, Resiato, mai hankali, ta yi makaranta kuma ta iya tatsa, ita da shi sun daidaita, ubanta ma ya yarda. Amma ya aiko mini cewa shi ba zai ajiye 'yarsa tana jiran jirgin sama har abada ba. Za a yi bikin shan madara in ciyawa ta sake fitowa bayan rani. In tsararsa suka sha ban da shi, abin da muka tsere wa ta ƙofa zai shigo ta taga.

Ban rubuto don in ɗora miki laifi ba, Karsanata. Ni ne mutum na ƙarshe da zai zagi wanda ya bi hanya neman abin da aka ce yana gaba. Na dai je ƙarshen tawa hanyar, na ga abin da ke can, agogon bango ne. Ki je wurin masu ba da hutu tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki gaya musu kina da aikin da ba wanda zai iya yi a duniya sai ke, kuma ba zai ɗauke ki tsawon tatsar saniya ɗaya ba. In ba su gane ba, ba mamaki, ni ma sai da kaina ya zama fili na gane. Nolari ta naɗe ƙirgin da askar a ciki ta rataye a saman gadonta. Ta ce in gaya miki ta wasa ta, kada ki wahalar da kanki ki zo da irin taku ta leda, kuma kada ki ƙara fesa wa sa turare.

Ki gaishe mini da Seleina, ki ce mata kawunta yana tambaya ko har yanzu tana iya ƙirga shanu da harshenmu. Ki gai da Koinet da iyalinsa, ki yi masa godiyar ɗawainiyar ɗansa. Nolari tana gaishe ki, Naramat da jaririyarta suna gaishe ki, Mepukori ya ce in kin tashi zuwa ki taho masa da takalmin sanyi ko da ƙafa ɗaya ce. Na tambayi Tipape abin da zan rubuta miki daga bakinsa. Kin san tun ranar kaciya namiji ya daina sunkuyar da kai a dafa masa, wannan gaisuwar yara ce. To ya matso inda nake rubutu, ya sunkuya ya ɗora kansa a kan takardar, ya tashi ya fita. Jan da kika gani a gefen nan na ƙasa ba datti ba ne, kada ki goge. Ki ɗora hannunki a wurin kafin ki zo ki ɗora a kan mai shi.

Enkai ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne yayanki,
Parsaloi ole Kimorgo